Philmont: inda ɗan lakol ke koyon aikin madugu

A jahar Niyu Meziko ta ƙasar Amurka, kusa da garin Cimarron, akwai wani daji mai duwatsu da ake kira Philmont. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 560. Wani attajirin man fetur, Waite Phillips, shi ya fara bai wa ƙungiyar ƴan sikut filin kyauta a shekarar 1938. Ta gefensa ne tsohuwar hanyar fatake ta Santa Fe ta ratsa.

Kowace shekara, in lakol ta tashi bakansi, daga Yuni zuwa Agusta, akan ɗauki samari da ƴan mata fiye da 1000 aiki a wurin, galibinsu ɗalibai. Albashin bai taka kara ya karya ba, makwanci kuwa tanti ne.

Daga cikin ayyukan akwai na jagora. Ayari ne zai zo, yara da manyansu, ba su wuce mutum 12 ba, za su yi tafiyar ƙasa ta wajen kwana 12, kowa da kayansa a baya. Jagora, wanda sau da yawa bai fi shekara 20 ba, shi zai koya musu karatun taswira, da sa magani a ruwan rafi kafin a sha, da rataye abinci da igiya saboda beyar, wani ƙaƙƙarfan naman daji mai bin ƙanshi. Zai gargaɗe su su sauko daga dutsen Baldy, mai tsawon mita 3792, kafin tsawar la'asar. Dajin ba ya wasa: a 2018 gobara ta ci wani yankinsa, har aka soke tafiye-tafiyen shekarar.

Bayan kamar kwana 3 sai jagora ya yi sallama da su, ya koma sansani ya tarbi wani ayarin. Nan ne nauyin yake. In ya yi sakaci wajen koyarwa, ƙishirwa ko ɓata hanya za ta same su ba ya nan. Tilas ya koyi haƙuri da mai nawa, ya bar yaro ya ɗaure igiya da hannunsa, ko da shi zai fi sauri.

Ƙarshen Agusta yakan koma lakol da ɗan kuɗi kaɗan, da takalmi yagagge, da halin da kowane mai shago ko shugaban ma'aikata ke nema: mutumin da za a ba amana, ya koyar da na ƙasa da shi, aiki ya tafi daidai ko ba ya wurin.