Ambirayaj ko Kuloci?

A wajenmu, Magariya da Dungas, kusan kowane ƙarfen mota suna biyu gare shi. Makanikin da ya yi koyo a Zinder zai ce maka ambirayaj ɗinka ya ƙare, wanda ya yi zaman gareji a Kano kuma ya ce kulocinka ne ya cinye. Dukansu Hausawa ne, abu guda suke nufi, wanda direba ke takawa da ƙafar hagu. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, mota ta zo daga baya, sai kowane ɓangare ya ari sunayen kayanta daga bakin Baturensa. A ajinmu na nazarin harshe a Yamai, wannan darasin kalmomin aro ne, a rubuta a ci jarrabawa. A gidanmu kuwa zancen tuwo ne, don da Hiyas ɗin Yaya muke ci, da ita nake karatu.

Yaya yana jigilar ƴan kasuwa tsakanin Magariya, Dungas da ƙauyuka, ranar Alhamis kuma ya nufi wajen Maigatari. Wanda ya san hanyoyin nan ya san rairayi. Mota ta sha buhunan gero da wake, awaki a sama, mutane a ciki, in ta kafe sai direba ya riƙe ambirayaj rabi da rabi yana ba ta wuta har ta fita. To, nan ne ƙarfen yake cin kansa. A hutun da ya wuce ina gida ta fara nuna alama: inji na kuka, mota ba ta ja, ga warin ƙuna kamar an jefa tsohon takalmi a murhu.

Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, abin guda uku ne, a tsakanin inji da akwatin giya, wanda mu muke ce wa bwat, ƴan Najeriya su ce giyabos. Akwai faifai mai fata a gefe biyu, shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya. Akwai murfi mai sifirin da ke danne faifan. Sai ɗan boris da ke tura sifirin ɗin in ka taka, faifai ya saki, ka sauya giya. Makanikinmu yana kiran su disk, pilato da bute.

Da Yaya ya buga wa mai kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano, ni ke zaune kusa da shi da biro, nan na ji abin da ya tsayar da ni. Faifan da muke ce wa disk, shi filet yake ce masa. Murfin da muke ce wa pilato, shi kaba yake cewa, ya ƙara da cewa wasu ma dis suke kiran sa. Ku duba fa: pilato da filet a kunne ƴan uwa ne, tushensu ma guda, amma ƙarfe biyu daban suke nunawa. Wani direba a tasharmu ya taɓa aika kuɗi a kawo masa pilato, aka aiko masa da faifai, motarsa ta ƙara kwana huɗu a kan dutse. Babu wanda ya cuce shi. Kowa ya yi Hausa, kowa ya ji daidai da Hausarsa.

Kuɗin ma haka. Jikarmu sefa 1,000 ce, wato dala 200. Jakar tsofaffin ƴan kasuwar Kano kuwa naira 200 ce. Ga canji da ba ya zama wuri guda tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, ga iyaka da aka rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin shekarar, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Duk wannan yana cikin farashin faifai guda kafin ya iso Magariya.

Da aka zo maganar aiki, makaniki ya ce jika 15. Yaya ya ce, "Haba Maigida, faifai ɗaya fa za ka sa." Tsohon ya goge hannu ya ce, "Ɗana, sa faifai ai ba aiki ba ne. Sai na kwance kardan, na cire demarer, yara uku su tallafi bwat mu sauke ta ƙasa, mu daidaita faifan a tsakiya, mu mayar. Ko gangariya ka kawo ko jabu, wahalata guda ce, kuɗina guda ne." Ya juyo wajena ya ce, "Kai ɗan lakkwal, yi masa lissafi."

Lissafin ba shi da wuya. Zaɓi huɗu ne a gabanmu. Na farko a buga wa tsohon faifan sabuwar fata da ƙusa, shi ya fi araha. Na biyu a sayi na kwance, wanda ƴan Kano ke ce wa Beljiyam, ba ka san tafiyar da ya yi ba kafin ya zo hannunka. Na uku sabo a kwali mai ƙyalli, kuɗinsa bai kai rabin na gaske ba. Na huɗu gangariya. A ukun farko, in abin ya saki bayan wata biyu, ka sake biyan jika 15, ka sake ajiye mota, kasuwar mako ta wuce ka, fasinjojinka su saba da wata motar. Wannan ne ma dalilin da ya sa ake sauya ukun tare: boris ɗin bute ƙaramin abu ne, amma ranar da ya fara kuka sai an sake sauke bwat gaba ɗaya saboda shi.

Sunayen kamfanoni ma na koye su a garejin. Aisin na Japan ne, yana cikin rukunin Toyota, shi ya sa masu Hiyas suke fara tambayar sa. Exedy ma na Japan ne, tsofaffin makanikai har yau Daikin suke ce masa, sunan da ya bari a 1995. Valeo na Faransa ne, ƴan zamanin Peugeot 504 sun san shi. LuK da Sachs na Jamus ne. Amma suna a kwali ba hujja ba ne, don mai jabu ma ya iya buga kwali. Maigida ya ce a ɗauki tsohon faifan a hannu, a gwada faɗinsa da na sabon, a ƙirga haƙoran ramin tsakiya, a taɓa sifirin ɗin a ji ko suna motsi, a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe.

Yaya ya ɗauki adashensa na wata, ya haɗa da kuɗin da ya ware mini na komawa makaranta, aka sayo Aisin, cikon ukun. Ba mu yarda da baki ba wannan karon: hoton kowane ƙarfe muka tura ta WhatsApp, na rubuta sunayensa biyu a ƙasa. Na koma Yamai da jinkirin mako guda, sai da mota ta yi kasuwa uku ta biya mini kuɗin tikiti. Ban ji haushi ba, don na san inda kuɗin ya shiga.

Ƴan uwana ɗalibai, a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ranar da za a rubuta littafin koyon tuƙi ko na makanikanci da Hausa, wani ne zai zauna ya zaɓa tsakanin ambirayaj da kuloci, tsakanin pilato da kaba. In wanda bai taɓa shiga gareji ba ne ya yi zaɓin, direbobin bakin iyaka ne za su biya. Ni dai na buɗe kaye, na raba shafi uku: sunan Nijar, sunan Najeriya, da abin da ƙarfen yake yi. Wanda duk zai je hutu Matamaye, Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, ya leƙa garejin garinsu ya rubuto mini abin da ya ji, mu haɗa a fitowa ta gaba.