Godiya ga Kawu, Mai Karanta Bakin Doki

Kawu, na san ba ka karanta boko, shi ya sa na roƙi jikanka ya karanta maka wannan bayan sallar isha'i. Na ja masa kunne ya lura da kyau: godiya na rubuta, ba goɗiya ba, kada ka ce har na fara zancen ƙaro mace alhali namijin bai gama sabawa da turke ba.

Ka fi kowa sanin yadda son doki ya shige ni. Tun ina yaro, duk ranar hawan Sallah a Talata Mafara, idan dawakan Sarkin Mafara suka fito, jama'a na kallon mahaya, ni ƙafafun dawakan nake kallo. Bana da shinkafar rani ta yi kyau a 'yar gonata da ke shan ruwan Bakolori, na ware kuɗi na ce wannan na doki ne. Sai aka ba ni labarin wani bawan Allah a wajen Bakura da zai rabu da nasa, a gida, ba dillali. Tun 2021 da aka rufe kasuwannin mako-mako na wani lokaci saboda matsalar 'yan bindiga, mun saba da irin wannan ciniki na ƙofar gida. Aka turo mini hotonsa ta WhatsApp, akawal ne baƙi wuluk da ɗan fari a goshi. Shekara 5 aka ce, kuɗinsa naira miliyan 1 da dubu 200. Wallahi a daren nan na riga na saye shi a zuciyata.

Da na nuna maka hoton, ko karɓar wayar ba ka yi ba. Ka ce, "Hoto ba ya ɗingishi." Ka ɗauki sandarka ka hau bayan babur ɗina, da ciwon gwiwarka da komai. A hanya kana ta nuna mini inda kake yankar wa dawakan ubangidanka ciyawa a fadamar Gulbin Sakkwato, tun kafin Italiyawan Impresit su gama madatsar Bakolori a 1978. Dab da isa ka dafa kafaɗata ka ce kada in yaba, kada in kushe, kada in yi tayi.

Gaisuwa kaɗai ta ci kusan awa guda. Ni ina ta leƙen turke, kai kana tambayar mutumin iyali, da gona, da garinsu na asali. A nan muka ji ashe daga wani ƙauye ta wajen Maradun suka taso, ba da son ransu ba, kuma ciyar da doki a gidan aro ya fi ƙarfinsa. Harawa sai an saya, dusa sai an saya, geron da za a ba doki shi ne na tuwon yara.

Sannan ka miƙe. Ba ka taɓa dokin ba tukuna, ka sa yaro ya ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, kana sauraren faɗuwar kofato kamar mai sauraren kiɗa. Ka shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗaga ta gaba ta hagu ka tsaya a kan wata 'yar tsaga da ni ko za a ba ni kwana uku ba zan gan ta ba. Ka bi gadon bayansa da tafin hannu har ka iske fararen gashi a mazaunin sirdi, alamar tsohon miki. Aka yi sukuwa da shi zuwa bakin hanya aka dawo, ka kara kunne a haƙarƙarinsa. Sai a ƙarshe ka buɗe bakin.

Abin da ka koya mini a wurin na rubuta shi a takarda don kada in manta. Haƙoran nono na gaba suna zubewa bi da bi, na tsakiya a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, a 5 baki ya cika. Haƙoran ƙasa kuwa suna da wani baƙin rami a kansu wanda tauna ke cinyewa, na tsakiya wajen shekara 6, na biye 7, na gefe 8. Bakin wannan akawal sumul yake, babu rami ko ɗaya.

Da ni ne, da na ce masa ya yi mana ƙarya. Kai kuwa sai ka share hannu a rigarka ka ce, "Malam, wanda ya sai maka wanga doki ya rage mai shekaru. Ya kai takwas." Mutumin ya sunkuyar da kai yana murmushi ya ce, "Baba, kai ka san doki." Ka buɗe masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa, ya kuwa bi ta nan.

Ka taya dubu 750. Ya ce albarka. Ka fasa goro ka miƙa masa rabi, ka tuna masa babu dillali balle la'ada, kuma kuɗi a hannu suke, ba sai an girbe wani abu ba. Ka ƙara dubu 50, ya sake cewa albarka. Ka miƙe ka kaɗe riga muka nufi babur, gabana na faɗuwa. Ban tayar ba ya kira mu.

A nan ne na raɗa maka cewa in muka daure zai sallama a dubu 800, tunda a matse yake. Irin kallon da ka yi mini har yanzu ina jin kunyarsa. Ka ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, amma mu ba takobi muka zo miƙawa ba. Ka juya ka ce dubu 900, a haɗa da sirdi da linzami da likkafa. Ya ce ya sallama. Dubu 300 ka rage mini, kuma a lokacin ban ji daɗin dubu 100 da ka hana ni ragewa ba. Sai da na ga ƙaramin ɗansa ya ƙi sakin ragamar na daina lissafi.

Kai ne kuma ka hana mu tafiya sai da aka kira mai unguwa da shaidu biyu aka rubuta takardar ciniki, da launin dokin da farin goshinsa, domin a Zamfara ta yau ba a jan dabba a hanya ba shaida. Sau biyu aka tsayar da mu kafin gida, sau biyu takardar ta yi magana.

Tsagar kofaton tana sauka a hankali kamar yadda ka faɗa, kuma ba na hawansa sai 'yar ƙilisar yamma a gefen kwata. Buhun shinkafar da na aika maka ka sa aka mayar mini yana ɗakin Inna, ita ta karɓa, sai ku daidaita tsakaninku. Allah ya saka da alheri, Kawu, ya ƙara wa gwiwar nan sauƙi. Ranar Talata zan biyo in ɗauke ka, ka zo ka duba mini ɗaurin sirdin, don har yanzu yana zamewa gefe guda.