Ƙas-ƙas a cikin akwatin ƙyanƙyasa

Shekara 40 da ɗoriya na yi ina gyaran rediyo da talabijin, har idona ya fara gaza karanta lambobin da ke jikin ƙananan kaya, na bar wa yara rumfar. Ban zaci zan sake jin ƙanshin dalma ba, sai ga jikana ya haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a hunturun da ya wuce.

Aikin ya burge ni. Akwatin katako ne, da fitilu biyu masu wat 60 irin na da, masu zafi, da ƙaramar fanka, da kwanon ruwa saboda bushewar iska. Ƙwan kaza yana son zafin da bai yi nisa da digiri 37.5 ba, dare da rana, har kwana 21. Don haka ya sayo kaya a kasuwar Sabon Gari ya haɗa abin da zai riƙa kunna fitilun yana kashewa da kansa. Mai jin zafin wani ɗan ƙwaya ne da bai kai ƙwayar wake ba, tamista, wanda mita ke nuna om 10,000 a jikinsa a digiri 25, ya sauko kusan 6,000 idan zafi ya kai yadda ƙwai ke so. LM358 ke kwatanta wannan da ma'aunin da aka saita, ya ba taransisto umarni, taransisto ya ja rile mai bolt 12.

Da zafi ya kai gaɓa, sai rile ya kama ƙas-ƙas-ƙas kamar haƙoran mai jin ɗari, fitilu suna ta ƙyafta ido. Yaron ya canza rile sau biyu, ya canza LM358, taransisto kuma ya ƙone masa. Ranar da ya zo mini idonsa ya yi ja.

"Baba, duk kayan jabu ne," in ji shi.

Na ce, "Wanne ka gwada ka same shi da laifi?"

Ya yi shiru. Maigidan da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ba ya bari ka cire abin da ba ka ɗora wa mita ba. A lokacin ina ganin tsanani ne. Sai da na fara sayen kaya da kuɗin aljihuna, ina kuma kallon fuskar mai rediyon da aka caja kuɗin abin da lafiyarsa ƙalau, na gane cewa zargi ba tare da bincike ba zalunci ne, ko da a kan ƙarfe.

Muka ɗora mita. Duk sanda rile ya kama, wutar allon sai ta ɗan faɗi, ma'aunin da aka saita ya gusa, LM358 ya canza shawara, rile ya saki, wuta ta dawo, a sake daga farko. Muka ƙara kafasita babba a bakin wuta. Ƙonewar taransisto kuwa, ya manta da dayod ne. Idan aka yanke wa naɗin wayar rile wuta farat ɗaya, yana mayar da duka mai ƙarfi, kuma 1N4007 guda ɗaya a gicciye ke shanye shi.

Amma ainihin ciwon yana wani wuri. Wurin kunnawa da wurin kashewa layi ɗaya ne, babu rata ko kaɗan, shi ya sa ko iskar fanka ta taɓa tamista sai ya firgita. Muka ɗauko rasista mai om miliyan 1 muka haɗa ƙafa ta 1 da ƙafa ta 3 a jikin LM358. Yanzu idan ya kashe, ba ya sake kunnawa sai zafi ya sauka da ɗan abin da bai kai rabin digiri ba. Wannan ɗan uzurin shi ya kwantar da akwatin. Na daɗe ina tunaninsa, domin na san magidanta masu irin wancan hali, kowane motsi a gida sai sun tanka, har bakinsu ya cinye kamar bakin rile, ba mai jin maganarsu kuma. Kaza ma tana tashi daga kan ƙwai ta ci ta sha ta dawo, ba ya hana ta fito da 'ya'yanta.

Saura abu ɗaya da na nace a kai. Yaron ya rataye tamista kusa da fitila, wato zafin fitila yake aunawa, ƙwai kuwa suna ƙasa suna shan sanyi. Muka sauko da shi daidai saman ƙwai, muka ajiye ma'aunin zafin jiki na asibiti kusa da shi, muka bar akwatin kwana 2 babu komai ciki muna dubawa. Ya so ya zuba ƙwai a daren farko, na hana.

Ƙwai 30 ya zuba, yana juya su har kwana na 18. A daren na 20 ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, wai in zo in ji. Na kara kunne a jikin katako: rile ya yi ƙas sau ɗaya ya yi shiru, can ƙasa kuma ga tsiyau-tsiyau daga cikin ɓawo. 23 suka fito. Yanzu yana jiran damina zabi su fara ƙwai, na kuma gaya masa su nasu sai ya ƙara kusan mako guda a kan na kaza.