Hasken da Ƙura Ba Ta Tarewa

A watan Janairu, idan hazo ya sauko Kawo, fitilun motocin da ke hawa gada sai su yi ja-ja, taurari kuwa sai dai a tuna da su. Ƙura ta fi cinye shuɗin haske, ta bar ja ya wuce.

Can sama ma haka ne. Garken taurari irin Andromeda, wanda haskensa ke yin shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu, yana da tasa ƙurar. Shi ya sa masana suka koma auna hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Daga 1997 zuwa 2001, shirin 2MASS ya bi sararin sama da madubin hangen nesa biyu, ɗaya a Arizona ta Amurka, ɗaya a Chile, aka lissafa garkuna fiye da miliyan ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yawancin wannan haske na tsofaffin taurari ne. Sababbi masu shuɗi su ke ɗaukar ido, amma yawancin nauyin taurarin garke yana wurin tsofaffin, don haka da wannan awon ake ƙiyasta shi. Da aka jera garkunan bisa haskensu, masu dushi-dushi suka fi yawa nesa ba kusa ba.