Kumbo Mai Zaure

Hausa ba ta sha wahala ba wajen raɗa wa jirgin da ke ƙetare sararin duniya suna. Kumbo a asali ƙwarya ce ta zuba abinci, aka ɗauki kalmar aka ɗora wa jirgin. Da Apolo 11 ya sauke mutane a kan wata a shekarar 1969, Mamman Shata ya yi masa waƙa, magana ta zauna daram. Matuƙinsa ɗan sama-jannati ne, abin da ke kewaya duniya kuwa tauraron ɗan'adam. Sai dai dukkan waɗannan sunaye ne na mai hange daga nesa. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, kalma uku sun ishe shi. Wanda ya ce zai shiga ciki ya ƙera, shi ne zai gane inda harshen ya tsaya.

Wani saurayi ɗan Afala da ke karatu a birnin Tawa ya ci karo da wannan giɓi ba tare da ya je nemansa ba. Burinsa shi ne ya gina kumbo irin na finafinan ƙagaggen kimiyya a cikin tsohuwar kwamfutarsa, ciki da waje, har wurin kwanan matuƙa. Yana aiki da Blender, manhajar da wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, ya ƙirƙira, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2002. Aikin ya fi kama da saƙa fiye da zane: ɗigo ya haɗu da ɗigo ya ba da layi, layuka su rufe su ba da fuska, dubban fuskoki su ba da jiki. Ana gina gefe guda, madubin manhajar ya fitar da ɗaya gefen. Daga nan sai yaɓe, wato launi da tsatsa da ƙurjewa, sai haske, sai a bar na'ura ta wanke hoton, abin da a zafin watan Afrilu na Tawa kan ci dare guda idan wuta ba ta ɗauke ba.

Matsalar ta fito ne daga gefen allo, inda manhajar ke jera sunan kowane yanki. Idan ba a ba shi suna ba, ita za ta raɗa masa: Cube, Cube.001, Cube.002, haka har abin ya kai ɗaruruwa, mai gini ya rasa wanne ne ƙyaure wanne ne kujera. Dole ya zauna ya yi raɗin suna. Ya fara da Faransanci, harshen da ya yi makaranta da shi, sai ya lura da wani abu: duk yankin da ya kira da sunan Faransanci, hannunsa kan koma ya kwaikwayi abin da ya taɓa gani a fim. Sunan ya zo masa da siffarsa a goye.

Ɗakin da ke tsakanin cikin kumbo da sarari, mai ƙofa biyu da ba a buɗe su tare don kada iska ta tsere, shi ne na farko da ya sauya wa suna. Ya kira shi zaure. Da ya je hutu Afala ya nuna wa kawunsa, wanda magini ne, tsohon ya daɗe yana duban allon kafin ya ce, "Ɗana, wa ka taɓa gani ya yi zaure ƙofa na kallon ƙofa?" A ginin Hausa akan goce da ƙofar ciki, don kada na waje ya hango tsakar gida, kuma guguwa ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya. Saurayin ya koma ya karkatar da ƙofar, ya ƙara dakali da wurin tuɓe takalma da kakkaɓe ƙura. Wannan ba ado ba ne. Ƙurar wata ta addabi ƴan sama-jannatin Apolo ƙwarai, ta maƙale a tufafinsu, ta bi su har cikin jirgi. Mutumin da ya tashi cikin hunturun Adar ba ya bukatar a yi masa bayanin ƙura.

Daga nan sunaye suka riƙa zuwa da sauƙi. Ƙasusuwan jirgin suka zama azara da tanka, ma'ajiyar kaya rumbu, tankin ruwa salka, sandar tuƙi akala, ƙaramin jirgin tsira kuwa ƙoƙo, tunda uwar tasa kumbo ce. A nan allon rubutu ya yi masa tsiya, domin na Faransanci ne, ba shi da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Na tsawon makonni jirgin tsirarsa koko ne, abin sha da ƙosai.

Ba kowace kalma ce ta yarda ba. Faffaɗan fikafikan da ke fitar da zafin injin ya so ya kira su mafici, amma mafici iska yake kaɗawa, sarari kuwa babu iska. Zafi yakan fice ne a matsayin haske da ido ba ya gani. Kalmar za ta koya wa yaro ƙarya. Sai ya koma ga ɗafa-goshin ma-, wanda ya ba mu mabuɗi da makaranta, nan ma nahawu ya tare shi da tambaya: abin nan kayan aiki ne, ya ƙare da -i ya zama namiji, ko wuri ne, ya ƙare da -a ya zama mace? Masanyayi ko mazubar zafi? Ya zaɓi ta biyu, kuma zaɓin ya fi dacewa da kimiyyar, domin fikafikan ba su ƙirƙirar sanyi, zafi ake kaiwa a zubar a kansu. Akwai kuma batun karin harshe, wanda Bernard Caron ya yi wa littafi guda a 1991: a bakin mutanen Adar fara hwara ce, tafi kuwa tahi. A jerin sunayen ya bi daidaitacciyar Hausa, amma rubutun da ya manna a bangon jirgin da Adaranci ya yi shi, bisa hujjar cewa matuƙan nasa ƴan Afala ne.

Ba shi ne na farko da ya yi irin wannan aiki a Tawa ba. Mustafa Alasan, wanda ake rubuta sunansa da Faransanci Moustapha Alassane, an haife shi a 1942, ya fara da kanikanci kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga aikin Norman McLaren. Daga bisani ya zauna a Tawa, ya mayar da wasu ɗakunan otal ɗinsa wurin haɗa fim, yana ƙera ƴan tsana da hannu yana motsa su hoto bayan hoto, har ya sa kwaɗi suka yi kokowa a fim ɗinsa Kokoa. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Fim ɗinsa na 1966, Le Retour d'un aventurier, ya cancanci ɗaliban ilimin harshe su kalle shi: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da tufafin kaboyi, ya raba wa abokansa, kowa ya ɗauki sabon suna irin na fim, daga nan suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Sunan aro ya ja halin aro.

A wannan shekarar ta 1966 ne kuma aka fara nuna Star Trek a Amurka. Matt Jefferies ne ya zana kumbonsa, Enterprise, kuma samfurin da aka ɗauki hoto da shi, mai tsawon fiye da mita 3, yana gidan tarihin Smithsonian a Washinton. Ƴan lungunan da injiniyoyin jirgin ke rarrafawa ciki sunan Jefferies suke ɗauke da shi har yau, tun daga raha tsakanin ma'aikatan shirin. Ingilishi ma ba a teburin kwamiti ya samu kalmomin kumbonsa ba. Kwamitocin ƙirƙirar kalmomi suna da amfaninsu, amma yawanci jerin kalmomin wani harshe ake miƙa musu a ce su cike gurbi, ba su taɓa riƙe abin ba balle ya gardama musu kamar yadda mafici ya yi.

Kumbon na Afala bai ƙare ba. Akwai wani zobe a tsakiyarsa da ke juyawa don ya ba matuƙa nauyi, ƙafafunsu su zauna a ƙasa. Saurayin ya gwada dutsen niƙa, ya ga babu abin da ake niƙawa. Ya gwada mazari, kawun ya ce mazari zare yake tarawa, wannan kuwa mutane. A jerin da ke gefen allo, tsakanin rumbu da salka, har yanzu sunansa Cylinder.014.