Kaurin Rufin Masana'anta

Duk wanda ya ratsa Sharaɗa, Challawa ko Bompai a Kano zai ga dogayen rufin kwano masu gangara a kan masana'antu da ɗakunan ajiya. A yau yawancin sabbin rufin nan a kwamfuta ake fara zana su, kuma a nan mai zanen gini ke dakatawa a kan abin da ba a gani daga titi, wato kaurin rufin.

A manhajar SketchUp, fuskar da aka zana ba ta da kauri ko kaɗan, sai an ja ta da umarnin Push/Pull. Idan aka ja ɓangarorin rufi biyu sama, sukan bar giɓi a tsororuwa, dole a koma a haɗe su da hannu. Awon ma yana sauyawa: a gangarar digiri 30, kaurin santimita 10 yakan zama kusan 11.5 in aka auna a tsaye.

Amfanin kaurin bai tsaya a zane ba: magina na da sun ɗora laka mai kauri a kan azara, kamar yadda ake gani a Gidan Makama, ɗakunan kuma sukan yi sanyi da tsakar rana.

Kwanon alminiyum kuwa sau da yawa milimita 0.45 ne ko 0.55. Sauran kaurin na ƙarafan da ke ɗauke da shi ne, da abin tare zafi, in mai gini ya yarda ya biya. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano ke kai digiri 40, ma'aikacin jima a Challawa ne ke jin wannan bambanci a jikinsa.