Lokacin da Juji Yake Taki

A Kanya Babba ta ƙuruciyarmu, tun ba a yanke Jigawa daga Kano a 1991 ba, da wuya kaya su mutu murus. Ƙwarya ta tsage, a ajiye wa gyartai ya ɗinke. Gwangwanin madara ya koma aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, robar cikinta kuwa a yi guga. Tukunyar dalma in ta ɓule sai a kai wa masu zubi, su narka ta da wasu tarkace, su kwarara a cikin rairayi, ta fito sabuwa fil.

Kwalbar lemo ma tana da doka. Mai shago ba ya bari ka wuce da ita sai ka ajiye kuɗi, domin motar kamfani za ta zo ta kwashe, a wanke a sake ɗurawa. Da gangan aka yi ta da kauri don ta je ta dawo.

Amma abin da na fi kewa shi ne juji. Toka ce da kashin awaki da ƙaiƙayi, ba abin da ƙasa ba za ta cinye ba. Bazara na kamawa za ka ga jakuna da mangala sun yi jerin gwano zuwa gona, mu yara muna biye da sanda, ƙura ta yi mana buɗu-buɗu. Mai babban juji har alfahari yake yi. Yau sai manomi ya tsuguna ya tsince ledar fiya wata da baƙar leda kafin ya watsa taki, wadda ta kuɓuce masa kuma ta ƙare a cikin tumbin akuya.

Ba na raina 'yan gwangwan da 'yan bola jari. Suna aunawa a sikeli su biya, a loda zuwa Kano, a niƙa robar a yi buta da bokiti. Gorar ruwa ma mata sun samar mata aikin zoɓo da kunun aya. Sai dai 'yar ledar madara da ta omo ba mai ko kallonta, saboda shimfiɗa-shimfiɗa aka manne ta, ba ta rabuwa balle ta narku ta yi amfani.

A daina ɗora wa matan gida da yara laifin ƙazanta su kaɗai. Kamfanin da ya ƙera abin da gyartai da mai zubi da ɗan bola jari duk suka ƙi, shi ya kamata hukuma ta sa ya zo ya kwashe kayansa.